Ƙibar da Abdullatif Ya Yi a Hannuna

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan Azahar

Ango ya rame, alhamdu lillahi.

Na sake karanta layin nan na yi dariya ni kaɗai, har matar gadon kusa ta juyo ta kalle ni. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a firamare a garin nan na Kankia, ban taɓa rubuta magana mai kama da ta mahaukata irin wannan ba. Amma haka Salma ta ce. Ta ɗora shi a sikeli da safe, ta duba katinsa, ta ce nauyi ya ragu, ruwan da ya taru ne ke fita daga jikinsa, in gode wa Allah. Na gode masa.

Ango jikana ne, Abdullatif, ɗan autana Harisu. Watansa goma sha shida. Ni nake ce masa Ango, ko da yake har yau bai saya mini ko ɗankwali ba. Kwananmu huɗu ke nan a ɗakin yara masu tamowa. Ga kalmar nan na rubuta, ba na jin zan sake.

Salma kuwa ita ce nas ɗin da ke kula da ɗakin. Na koyar da ita a aji huɗu, yarinya mai yoyon hanci da jadawalin bakwai ya gagare ta zango guda. Yanzu ita ce ke cewa, "Malama, a wanke hannu," ni kuma in miƙe in je in wanke.

Littafin nan ragowar na shirin darasi ne, a ƙasan jakata na tsince shi. Tsakanin madara da madara awa uku ne, kuma hannuna ba ya son zama.

Juma'a, 9 ga Agusta, da hantsi

An zare masa robar hancin da ake ba shi madara ta ciki. Da kofi ya sha madarar asibiti, kaɗan-kaɗan, ina riƙe da faranti a ƙarƙashin haɓarsa don abin da ya zube a mayar. Ya shanye. Da na ga ƙasan kofin sai da na sauke ajiyar zuciya.

Mun ɗan taɓa da Salma. Ta leƙa bayan filona ta zaro fulas.

"Malama, mi ne ne wanga?"

Na ce koko ne, maƙwabciyata ta dama mini daga gasarata, ko zai ɗan kurɓa.

Ta buɗe, ta tsiyaya a murfi, ta kalle shi yana zuba kamar ruwan wanke shinkafa. Ta ce dai yanzu ba abin da zai shiga cikin yaron sai madarar da suke aunawa, cikinsa bai isa ya ɗauki wani abu ba tukuna. Ta tafi da fulas ɗin a hammata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk unguwarmu an san kokona. Sau uku nake tace gasarata da farin ƙyalle, ba ka samun ko ɗigon dusa a ciki. Matan unguwa har 'ya'yansu suke turowa su koya. Da wata ce ta yi mini haka da ta ji ba daɗi, amma na haɗiye, na gyara wa Ango bargo.

Asabar, 10 ga Agusta, La'asar

Ruwa tun asuba. Ya shanye madararsa duka. Harisu ya kira daga ƙauyen Boko, na ce zazzaɓi ne, ana ƙara masa ruwa, kada ya tayar wa matarsa hankali.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Yana barci, bari in rubuta yadda ya zo hannuna.

Harisu malamin firamare ne a Boko, ta Kusada. Can ya yi aure, ya ɗauko Sumaiya, 'yar manoma. Ba ni da abin da zan ce ta yi mini. Ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Abin da na kasa jurewa yadda take ciyar da yaron ne. Duk lokacin da na je sai in tarar da su a tabarma a tsakar gida, kwano ɗaya, ta cuɗa tuwo da miyar kuka da yatsunta, ta murje wake a ciki, ta kai loma bakinta ta kai ƙarama bakinsa. Fuskarsa duk miya, kaji na kewaya su. Har ƙuli-ƙuli take dakawa ta barbaɗa masa a kunu, kunun ma mai kauri, da dusarsa da komai. Na ce a raina jikan Malama Rahamatu ba zai tashi haka ba.

Da Babbar Sallah suka zo gaisuwa na lura tana da ciki. Na kira Harisu gefe na ce a yaye yaro, nonon mai ciki ba ya yi wa yaro alheri, haka muka taso muka ji. Bayan sati na je da kaina na ɗauko shi. Na ce kada ta zo sai ya manta da nono. Da sati biyu suka cika ta aiko tana tambaya, na ce da saura. Da wata ya cika na ce ga damina, ga ciki, ga hanyarsu, ta zauna tukuna.

Ranar da na ɗauko shi ta biyo ni har bakin hanya da wani ƙulli a baƙar leda. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ga garinai, shi ya saba sha." Na karɓa. Ba zan rubuta inda ƙullin ya ƙare ba.

A gidana abinci mai tsabta ya ci. Koko da sukari safe da rana da yamma, a kofinsa, da cokalinsa da nake tafasawa. Wani lokaci biskit a jiƙe a shayi. Da ya fara gudawa na ce haƙori ne, na janye biskit ɗin ma, na bar shi da koko zalla, na ƙara tsinka shi don kada ya yi masa nauyi.

Salma na kirana. Lokacin madara.

Lahadi, kafin Magariba

Ya sha. Ya kuma riƙe yatsana da ɗan ƙarfi, wanda rabon da ya yi haka an daɗe.

Litinin, 12 ga Agusta, da hantsi

Hawwa'u ta zo. Ban aika mata ba, ban ma san wa ya gaya mata muna nan ba. Sai ganin ta na yi a bakin ƙofa ta sauke ƙwaryarta, tana cire takalmi kamar za ta shiga masallaci.

Bafulatana ce daga wata ruga ta bayan Kafin Soli. Shekara goma sha tana kawo mini nono. Ni nake sha, ban taɓa ba wa Ango ba, don ban yarda da wankin ƙwaryarsu ba.

Ranar Asabar ta farkon watan nan ta shigo gidana ta tarar da shi zaune a tabarma. A lokacin ya cika, kumatu sun fito, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul, har fatar na sheƙi. Ya daina tafiya, alhali da ƙafarsa ya shigo gidana yana bin kajina, amma na ce nauyi ne ya yi masa yawa. Ba ya kuka, ba ya rigima, inda ka ajiye shi nan za ka same shi, ni kuma ina ta gaya wa mutane ban taɓa ganin yaro mai haƙurinsa ba. Sati guda kafin nan har hoto na ɗauka na tura wa Harisu, na rubuta a ƙasa: a nuna wa uwarsa ta ga yadda ake kiwon yaro.

Na ce wa Hawwa'u, "Kin ga angona kuwa?"

Ta tsuguna ta daɗe tana kallon sa. Ta shafa gashinsa da ya yi ja ya yi laushi. Sai ta sa babban yatsa a bayan ƙafarsa ta danna, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya loɓa, bai taso ba.

"Malama, wanga ba ƙiba ba ce. Aradu ko ɗan maraƙi ya yi haka ba mu murna. Ki kai shi asibiti yau."

Abin da na gaya mata ba na rubutawa ba ne. Na ce ta ɗauke bakinta daga kan jikana, na ce wasu abubuwa game da ruga da masu zama a cikinta. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Da ta tafi na rufe ƙofa na danna ɗaya ƙafar da kaina.

Asabar ke nan. Litinin na kawo shi. Akwai Lahadi a tsakani, kuma ba yau zan yi maganarta ba.

Yau da ta shigo na rasa inda zan sa fuskata. Na fara, "Hawwa'u, ranar nan..." Ta ɗaga hannu ta ce, "Bari, Malama. Ina ɗan namu?" Ta je ta danna ƙafarsa kamar wancan karon. Wurin ya ɗan loɓa ya taso a hankali. Ta yi dariya har haƙoranta duka a waje, ta ce ya fara dawowa. Ta bar mini kindirmo a kwanon sha, ta ce ni ma na zabge, in sha.

Na shanye shi tas, ina sha ina share ido.

Talata, 13 ga Agusta, La'asar

Kumburin ya saɓe kusan duka. Salma murna take yi. Ni kuwa yau na fara ganin yaron da ke ƙarƙashin ƙibar nan. Haƙarƙarinsa a ƙirge. Fatar cinyarsa ta yi masa yawa, tana ɓarewa a wasu wuraren. Ta zagaya masa ɗan abin awon nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan ja, can ciki.

Ta ce mataki na gaba shi ne ya fara cin gyaɗar asibiti, wadda ke zuwa a ƙananan fakiti, mai kama da tunkuza mai zaƙi. In ya ci da kansa da marmari za a sallame mu ya ci gaba a gida. In bai ci ba muna nan, kuma yaro ba ya murmurewa da madarar farko kaɗai.

Na wanke hannu, na wanke cokali, na yaga fakitin. Ya kalli cokalin ya juya fuskarsa bango.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Ya ƙi.

Laraba, bayan Azahar

Ya sake ƙi. Na yi lallashi, na yi waƙa, na yi jirgi da cokali. Ɗan matar nan da ta zo daga Kunduru, ta gadon kusa, ya shanye fakiti guda yana lasar leda, nawa ya datse baki. Har tsawa na yi masa, Allah ya yafe mini, bai ko firgita ba.

Salma ta zo ta zauna a bakin gadon. Ba ta saba zama ba.

"Malama, a gidansu mi yake ci? Yaya ake ba shi?"

Na ce ban sani ba sosai. Ƙarya ce.

"Ina uwatai?"

Na ce tana da ciki, shi ya sa aka yaye shi.

Ta ce ciki ba ya ɓata nono, mai ciki na iya ci gaba da shayarwa in tana samun abinci, amma wannan ya wuce, ba shi ta zo faɗa ba. Ta ce yaron da aka raba da nono da uwa da abincin da ya sani duk rana ɗaya, wani lokacin ba cikinsa kaɗai ke rufewa ba. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai tsoron bulala:

"Malama, ku yi haƙuri. Ku kira ta."

A aji huɗu in na ce wa yarinyar nan ta fito gaban allo kuka take fashewa da shi. Yau ni na ji abin da take ji.

Laraba, bayan Magariba

Na kira Harisu. Na ce ba zazzaɓi ba ne. Na faɗi sunan abin. Na ce ya kawo ta gobe.

Ya ce, "Inna, tun yaushe?"

Na ce caji na ƙarewa.

Alhamis, 15 ga Agusta, La'asar

Sun iso wajen sha ɗaya, a kan babur, taɓo har gwiwar wandon Harisu. Na ga ta shigo tana dafa bango, cikin ya fito sosai. Ta durƙusa ta gaishe ni tukuna, cikakkiyar gaisuwa, har da ya gajiya ya mai jiki, sannan ta juya wajen gadon. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta tsaya a kansa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Abdul."

Ya buɗe ido ya kalle ta. Na zaci zai miƙa hannu. Sai ya juya mata baya, yadda yake yi mini, ya cusa fuska a katifa. Salma ta ce fushi ne, yara na yi, alama ce mai kyau ma, ya gane ta. Sumaiya ba ta matsa masa ba. Ta shimfiɗa zanenta a ƙasa gefen gadon ta zauna, ta ɗora hannu a bayansa, ta bar shi nan. Har yanzu da nake rubutu hannun na wurin.

Harisu ya tsaya a baranda ya ƙi shigowa sau biyu. Da na fita ya bi ni da ido, ni ma na bi shi da ido. Ya koma Boko saboda aikin gona.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Ya ci! Ya ci, ya ci, alhamdu lillahi.

Bari in rubuta a tsanake don kada in manta komai. Da safe Sumaiya ta sauko da shi daga gado ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta a ƙasa. Na buɗe baki zan ce ƙasan asibiti ne, na rufe. Ta wanke hannunta da sabulu har sau biyu, ta wanke nasa. Na miƙa mata cokali, ta karɓa da hannu biyu ta ajiye a gefe. Ta matso gyaɗar a yatsa ta kai bakinta ita, ta lumshe ido tana "mmm", ba ta ko kalle shi ba. Ta sake. Salma daga nesa tana cewa maganin yaro ne fa, ba na uwa ba, tana dariya. A karo na uku ya ɗago kai yana bin yatsan da ido. Ta ce, "A'a, ba naka ba ne, nawa ne." Ta kai hannun sama.

Sai ga ɗan hannun nan kamar sillen kara ya tashi ya kamo wuyan hannunta.

Ya lashe. Ya ƙara. Ya ci fiye da rabin fakiti, ya sha ruwa, ya ɓata fuskarsa da rigarsa da zanen uwarsa. Matar Kunduru ta yi guɗa a cikin ɗakin marasa lafiya, aka zo aka tsawatar mata.

Ni fita na yi bayan ɗakin wajen famfo. Na daɗe a can ina wanke fuska.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Fakiti guda cur. Ya yi kukan a ƙara, ya ture mini kofi. Ban taɓa jin daɗin rashin kunyar yaro kamar yau ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, La'asar

Yana barci a cinyarta, ɗakin ya yi shiru, na ga in ban faɗa yau ba ba zan faɗa ba.

Na ce, "Sumaiya, garin da kika ba ni ranar nan, kaji na zuba wa."

Ta sunkuyar da kai.

Na ce mai nono ta gaya mini ran Asabar, na gani da idona, amma na zauna har Litinin. Na gaya mata abin da na yi ran Lahadin. Na yini ina danna ƙafarsa ina jiran wurin ya taso, na shafa masa man zafi, na ɗora ƙafafun a filo. Ba rashin mota ba ne, asibitin nan da ƙafa nake zuwa. Kunya ce. Na kasa ɗaukar sa in ratsa unguwar da na gama nuna wa ƙibarsa.

Sannan ta ce, ba ta ɗago ba:

"Mama, ni tun a hoton na gani."

Na ce wane hoto, alhali na sani.

"Wanda kunka turo. Ina da ƙane, Lawal, haka ya yi kahin ya rasu, ina 'yar shekara tara. Har gashin iri ɗaya. Na hwaɗa wa Malam, na ce don Allah mu tahi mu gano shi. Ya ce Inna malama ce, ta hi ni sani, kada in ja mashi magana."

Na ce, "Me ya hana ki kira ni da kanki?"

Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni, karon farko tun da aka kawo ta gidan ɗana.

"In ce maku mi, Mama?"

Na tuna abin da na rubuta a ƙasan hoton. Kwana tara hoton nan ya yi a wayar mijinta kafin in kawo yaron asibiti, tana gani, tana dafa tuwo, tana zuwa rijiya.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Haba Mama, ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya," irin yadda kowace suruka za ta ce. Ban san ko har zuciya ba ne, kuma ba ni da bakin tambaya. Amma da lokacin ciyarwa ya yi ta ce bayanta ya gaji, in riƙe shi a cinyata ita ta ba shi. Na riƙe.

Talata, 20 ga Agusta, bayan Azahar

An sallame mu.

Salma ta tara mu ta yi mana darasi, ni ina layin gaba. Gyaɗar asibiti magani ce, tasa ce shi kaɗai, ba a raba wa yaran gida. Duk sati a kai shi awo a karɓo wata, an rubuta masu takarda zuwa asibitin da ke kusa da su a Kusada. In ya ƙara ƙarfi a dawo masa da abincin gida, kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali da gudu, a sa gyaɗa ko waken suya, a ɗiga mai, a ba shi wake da ganye da ƙwai da nono in an samu, sau da yawa a rana, da hannu mai tsabta. Ta tambayi Sumaiya me ke cikin garinta. Ta ce gero ne da gyaɗa da waken suya, a soya sama-sama a niƙa tare. Salma ta ce to ita ba ta da abin ƙarawa.

Ba wanda ya kalle ni. Na gode masu.

Da za mu fita ta miƙo mini fulas ɗina a wanke. Ta ce, "Malama, bakwai sau takwas hamsin da shida." Na ce ta makara da shekara ashirin.

Ba a yi shawarar gidan da zai koma ba. Harisu ya zo ya ɗaure kaya a babur ya goya matarsa, ita ta rungume yaron a gaba, na yi masu rakiya har bakin titi.

Alhamis, 22 ga Agusta, da safe

Gidan ya yi faɗi. Na dama koko na kasa sha.

Talata, 27 ga Agusta, La'asar

Harisu ya biyo bayan sun dawo daga awo. Nauyi ya ƙaru, wannan karon na gaske. Har yanzu awon damtsen a ja yake, amma ya matso kusa da rawaya.

Na zaunar da Harisu na wanke shi tas. Na ce wane irin namiji ne matarsa za ta ce masa ɗansu na cikin haɗari ya ce kada ta ja masa magana? Na ce karatun da na biya masa na mene ne? Ya bar ni na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Inna, da na kira na ce Sumaiya ta ce kaza, da mi za ki ce?"

Na ce ya tashi ya tafi kada hadari ya tare shi.

Da ya fita na zauna na ba kaina amsa. Na san abin da zan ce, har da muryar da zan faɗa.

Talata, 10 ga Satumba, bayan Azahar

Sumaiya ce ta kira da kanta, da wayar maƙwabciya. Ya shiga rawaya. Ya fara miƙewa yana dafa turmi. Ta ce, "Mama, ya cinye mani wake, ya bar ni da yunwa." Muka yi dariya mu biyu, sannan ta ce a gaida gida.

Na yi nafila raka'a biyu.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan Magariba

Na je Boko na dawo.

Sai da na yi sati ina ɗagawa. Na sayi ƙwai, na sa Hawwa'u ta kawo mini kindirmo mai kyau, na hau mota zuwa Kusada, daga nan babur. Gero ya yi kai ko'ina, wasu har sun fara yanka.

Na yi sallama na shiga. Suna tsakar gida a tabarma, kwano ɗaya a tsakaninsu, mahaifiyar Sumaiya na gefe tana ɓarar gyaɗa. Yana zaune ya ba ni baya. Wuyansa ya ciko, sabon gashi baƙi ya fara fitowa a ƙarƙashin jan. Hannunsa cikin miya har wuyan hannu.

Na ce, "Ango!"

Ya juyo. Ya kalle ni sosai. Sai ya dafa kafaɗar uwarsa ya miƙe, ya ƙwalla ƙara, ya kwasa a guje ya faɗa ɗaki.

Sumaiya ta rikice. "Mama, ku yi haƙuri, bai gane ku ba ne."

Na ce, "Ya gane ni sarai."

Ta yunƙura za ta kamo shi, na ce ta zauna. Ni ma na zauna a kan turmi da ledar ƙwai a hannu. Daga tabarmar nan zuwa ƙofar ɗaki ya yi taku goma sha, ga ɗan tudu a bakin ƙofar, kuma bai faɗi ba ko sau ɗaya. Hawaye suka zubo mini. Mahaifiyarta ta shiga ba ni baki, wai yaro ne, zai saba, kwana nawa ne. Ta ɗauka ƙin da ya yi mini ne ya sa ni kuka. Akwai wannan a ciki, ba zan ɓoye ba, yana yi mini ciwo har yanzu. Amma gudun ne ya fi sa ni kuka, yaron da ya daina tafiya a hannuna.

Da na share fuska na ce, "Sumaiya, fito mini da shi."

Ta lallaso shi ta fito da shi, ta tsayar da shi can bakin rumbu, nesa da ɗakin.

Na ce, "Ango!"

Sau uku na kira shi yau. Sau uku ya gudu.